Daura: Matsayin Turanci da horon sana'a wajen shirya matasa neman aiki

Tsakanin shekarar 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari ke shugabancin Najeriya, mahaifarsa Daura ta samu cibiyoyin gwamnatin tarayya da dama.

Daga cikinsu akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri, da asibitin sojan sama, ga kuma layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta garin.

Waɗannan cibiyoyi sun buɗe guraben aiki irin na ofis da na fasaha, a yankin da akasarin jama'arsa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Sai dai kusan duk wani gurbi mai tsoka a cikinsu na da sharuɗɗa biyu, wato takardar shaidar karatu ko ta ƙwarewa, da kuma iya aiki da harshen Turanci. A nan ne matasan masarautar da dama ke cin karo da cikas.

Masarautar da hanyoyin cin abincinta

Daura na arewacin jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Kaduna a watan Satumban 1987. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna jihar na da mutane kimanin miliyan 5.8.

Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, da Ɓaure, da Zango, da Mai'aduwa, da Sandamu. Alhaji Umar Faruk Umar ne ya hau gadon sarautar a 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar.

Ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi a yankin, ana kuma kiwon dabbobi. Kasuwar Mai'aduwa ta yi suna wajen cinikin dabbobi da hatsi tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar.

Damina gajeruwa ce a wannan yanki, don haka da zarar an kawar da amfanin gona, matasa da yawa kan tafi cin rani zuwa Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal.

A can, wanda ba ya jin Turanci ko Turancin buroka yakan tsaya ne ga aikin ƙarfi, kamar dako da gadi da acaɓa da sayar da ruwa. Wanda yake iya karanta takarda ya kuma amsa tambaya da Turanci, shi ne ke da damar zama direban kamfani, ko mai kula da sito, ko shugaban leburori a wurin gini.

Yadda Turanci ya zama sharaɗin aiki

Kafin zuwan Turawa, Larabci da ajami ne harsunan rubutu a fadoji da kotunan ƙasar Hausa.

Ko bayan kafuwar mulkin mallaka, Turawan Ingila ba su gaggauta yaɗa harshensu a Arewa ba. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ta soma koyarwa, haka ma makarantun elamantare da suka biyo baya.

Turanci sai a makarantun midil da kuma Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921, ta kuma shahara wajen horas da ɗalibanta iya furta harshen. A nan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

Yaron Daura da ke son wuce elamantare a wancan zamani, sai ya tafi Katsina. Buhari kansa a Daura da Mai'aduwa ya yi firamare, sannan ya wuce makarantar midil da sakandaren lardi a Katsina.

Ƙarancin masu irin wannan ilimi ya fito fili a shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙudiri aniyar cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa, ta kuma iske ba su wadatar ba.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Turanci ya ci gaba da zama harshen gwamnati da manyan kotuna da bankuna da kamfanoni. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin majalisar dokoki ta ƙasa, da kuma Hausa da Igbo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata.

Inda gizo ke saƙar

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, a shekarun farko na firamare, sannan a koma Turanci daga baya.

A aikace, a makarantun gwamnati da dama na karkara, malami kan rubuta darasi a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafa su haddace.

Yaron da ya taso a haka kan kai ƙarshen firamare bai iya karatun Hausa sosai ba, bai kuma riƙe Turancin da zai fahimci littafin kimiyya da shi ba. Da ya fita daga aji, a gida da kasuwa da masallaci da filin ƙwallo Hausa ake yi, don haka ba shi da inda zai gwada abin da ya koya.

Yawan ɗalibai ya ƙaru ainun tun bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da kuma shirin ilimin bai-ɗaya na 1999, amma horas da malamai bai tafi kafaɗa da kafaɗa da wannan ƙaruwa ba.

Wannan ne ya sa Katsina ta kasance cikin jihohi uku na farko, tare da Jigawa da Zamfara, da suka shiga shirin horas da malamai na TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013. Turanci na daga cikin darussan da shirin ya fi mayar da hankali a kai.

Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ita ma ta yi ta sauyawa. A watan Nuwamban 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu ke ministan ilimi, majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare.

A watan Nuwamban 2025 kuma, ministan ilimi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa, da mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga matakin farko, yana mai danganta faɗuwa jarrabawa a wasu sassan ƙasar da yawan amfani da harshen uwa.

Masana harsuna da dama sun soki matakin. Sun ce ba a taɓa aiwatar da manufar 2022 yadda ya kamata ba balle a yanke mata hukunci, kuma yaron da ya fara iya karatu da harshensa ya fi saurin ɗaukar harshe na biyu. Hukumar UNESCO ta daɗe tana kan wannan ra'ayi.

Shingen jarrabawa

Ɗalibin da ya kammala sakandare na buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB kafin ya samu gurbi a jami'a.

Daga nan sai jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ɗalibi kan rubuta darussa huɗu, uku daga ciki sun danganta da fannin da ya zaɓa, amma Turanci wajibi ne ga kowa.

Tun daga 2015 aka mayar da jarrabawar kan kwamfuta baki ɗaya. Ke nan yaron da ya fito daga wani ƙauye na Ɓaure ko Zango, wanda mai yiwuwa bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, na fuskantar gwaji biyu a lokaci guda.

Ko wanda ya tsallake, takardar ba ta nuna ko zai iya magana da harshen. Jarrabawar ta fi auna nahawu da fahimtar rubutu da insha'i, har ɓangaren furuci ma a takarda ake amsa shi.

Shi ya sa ake samun mai kiredit a Turanci da ke kasa gabatar da kansa a gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata.

Sabbin makarantu da layin dogo

An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura a 2019. Kamar sauran takwarorinta, tana ƙarƙashin kulawar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna.

Manhajar da hukumar ta shimfiɗa ta wajabta wa kowane ɗalibin difloma darasin amfani da Turanci da na sadarwa, inda ake koyon rubuta wasiƙar aiki da rahoto da taƙaita bayani, da kuma darasin dogaro da kai ta hanyar kasuwanci.

A watan Disambar 2019 ne Shugaba Buhari ya aza harsashin ginin jami'ar sufuri ta Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa kan kuɗi dala miliyan 50, a matsayin gudunmawarsa ga al'umma. An sa hannu kan dokar kafa ta a 2023.

Manufar jami'ar ita ce samar da injiniyoyi da ma'aikatan da za su riƙa gudanar da layukan dogo da hanyoyin mota da sauran harkokin sufuri, maimakon dogaro da ƙwararru daga waje.

Garin kuma na da kwalejin jiha mai ɗauke da sunan masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman, da makarantar koyon aikin kiwon lafiya, da kwalejin gwamnatin tarayya.

Shi kuwa layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, an ƙaddamar da aikinsa ne a watan Fabrairun 2021, aka kuma bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar. An tsara zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya.

A irin wannan aiki, inda injiniyoyi daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa da ma'aikatan gida, zanen aiki da ƙa'idojin kare lafiya da littattafan sarrafa injuna duk da Turanci suke.

Kasancewar cibiya a Daura ba ya nufin guraben aikinta na 'yan Daura ne kaɗai. Ƙa'idar raba daidai, wadda aka kafa wa hukuma a 1996, ta ba mutanen yanki fifiko a ƙananan muƙamai, amma manyan muƙamai ana raba su ne tsakanin jihohin ƙasar, kuma sai an yi takara.

Hukumomin da ke ba da horo

Asusun horas da ma'aikatan masana'antu, ITF, da aka kafa a 1971, shi ne ya ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗaliban fannonin kimiyya da fasaha zuwa ma'aikatu su yi watanni suna koyon aiki a aikace.

Matsalar ɗalibin Daura ita ce ƙarancin masana'antu a kusa. Da yawa sai sun nemi wuri a Kano ko Kaduna, wanda ba shi da halin zama a can kuma yakan ƙare a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, an kafa ta ne a 1986, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ya jefa ɗimbin jama'a cikin rashin aiki. Babban shirinta shi ne haɗa matasa da masu sana'a su koya a hannunsu, sannan a bai wa wasu kayan aiki a matsayin rance.

Ta hannun hukumar ne aka gudanar da shirin ɗaukar mutum 774,000 a 2021, wato mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, kan naira 20,000 a wata na tsawon wata uku. Rabon ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura ya kama mutum 5,000. Sai dai aikin na wucin gadi ne, kamar shara da gyaran magudanan ruwa, ba horo ba.

Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya ɗauki masu digiri da NCE da babbar difloma, ya tura akasarinsu koyarwa kan alawus na naira 30,000 a wata. Ta intanet ake cike takardar neman shiga, da Turanci kuma ake gwajin. Gwamnati ta dakatar da shirin a watan Oktoban 2023 domin gudanar da bincike.

Hukumar masu yi wa ƙasa hidima, NYSC, ta shigo da koyon sana'a cikin shirinta a 2012. A 2023 kuma ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da nufin horas da mutum miliyan uku fasahar zamani.

A matakin jiha, gwamnatin Ibrahim Shehu Shema ta kafa ƙauyen koyon sana'o'i na matasa a birnin Katsina. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya taɓa shugabantar hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan masana'antu ta ƙasa, SMEDAN, ya kafa makamanciyarta ta jiha, KASEDA, bayan hawansa mulki a 2023.

Abin da ake nufi da sanin makamar aiki

Masu horaswa kan raba abin da matashi ke buƙata gida uku.

Na farko shi ne sana'ar kanta, kamar walda, ko kanikanci, ko ɗinki, ko aikin famfo, ko wayarin, ko haɗa na'urar hasken rana, ko gyaran waya.

Na biyu shi ne karatu da rubutu da lissafi gwargwadon buƙatar sana'ar. Mai haɗa na'urar hasken rana na buƙatar karanta bayanin da ke jikin batir da inbata. Mai gyaran waya na neman bayanin sabuwar waya a intanet. Mai POS na karanta saƙon banki, ya rubuta koke idan kuɗi suka maƙale. Birkila ko kafinta da ke son kwangila daga makaranta ko asibiti sai ya rubuta ƙiyasin kuɗi da rasit.

Wannan Turanci ya fi na jarrabawa ƙanƙanta, amma ya fi shi buƙatar a riƙa amfani da shi kullum. Shi ya sa ya fi zama a kan ɗalibi idan aka koyar da shi a cikin shago, da sunayen kayan aikin da ke hannunsa.

Na uku shi ne ɗabi'un wurin aiki: zuwa kan lokaci, da cika alkawari, da karɓar gyara, da aiki tare da wanda ba yarenku ɗaya ba, da iya tarbar abokin ciniki. A nan ne kuma ake koyar da rubuta takardar neman aiki da ta tarihin karatu, wadda aka fi sani da CV, da buɗe adireshin imel, da yadda ake amsa tambayoyi a intabiyu.

Shagon ubangida da takardar shaida

Mafi yawan masu sana'a a Daura ba a makaranta suka koya ba. Tun da can, ƙira da dukanci da jima da rini da fawa da wanzanci gado ake yi, kowace sana'a kuma da sarkinta.

Sabbin sana'o'i sun bi wannan sawu. Uba kan kai ɗansa wurin makaniki ko tela ya danƙa masa amana, yaron ya yi shekaru yana aike da share shago kafin a ba shi almakashi ko sifana, har ranar da za a yaye shi.

Tsarin na koyar da ladabi da juriya da sanin abokan ciniki, amma ba ya ba da takarda, don haka gwanin walda na iya rasa aiki a kamfanin da ke gini a bayan gidansu.

Domin toshe wannan giɓi ne gwamnatin tarayya ta amince da tsarin tantance ƙwarewa na ƙasa a 2013, wanda hukumar NBTE ke kula da shi. A ƙarƙashinsa ana gwada mai sana'a a kan aikinsa, a ba shi shaida mai matakai ko da bai yi boko mai zurfi ba.

Shirin Mafita, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a rabin ƙarshe na shekarun 2010, ya gwada haɗa hanyoyin biyu. Ya nemi almajirai da 'yan mata da naƙasassu, ya koya musu karatu da lissafi, ya kuma haɗa su da masu sana'ar da aka yi wa ƙarin horo.

Muhimmancin wannan hanya na bayyana a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Bayan ta sauya ma'auni a 2023, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a guda a mako a matsayin mai aiki, adadin ya sauko zuwa kashi 4.1.

Amma sabon ma'aunin ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba aikin albashi mai rajista suke yi ba. Ke nan ga yawancin matasan Daura, shago da gona da kasuwa ne wurin aikin, ba ofis ba.

'Yan mata

'Yan mata da yawa a karkara kan bar makaranta kafin su kammala sakandare, saboda aure ko talla ko nisan makarantar.

Horon da aka fi ba su shi ne ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa, sana'o'in da kasuwarsu kan cika da wuri. Alhali fannin da aka fi buƙatarsu, wato aikin jinya da ungozoma da koyarwa, sai da sakamakon jarrabawa mai kyau, ciki har da Turanci.

Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kan dala miliyan 500. Shirin ya ƙunshi gina ajujuwan sakandare, da tallafin kuɗi ga iyaye, da koya wa 'yan mata amfani da kwamfuta da dabarun zaman duniya.

Tsallaken iyaka

Daga Kwangwalam a Mai'aduwa ko Babban Mutum a Ɓaure, taki kaɗan ne mutum ya shiga jihar Damagaram ta Nijar, inda makarantun boko suka ginu kan Faransanci.

Hausa ce harshen ciniki a ɓangarorin biyu, amma takardun kwastan da na sufuri a wannan gefe da Turanci suke, a wancan gefe kuma an saba yin su da Faransanci. Matashin da ya haɗa harsunan uku na da kasuwa a aikin fiton kaya da tafinta.

Sai dai wannan kasuwa na tafiya ne da siyasa. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, kafin ta buɗe a watan Maris na 2024. A kowane karo, dillalai da direbobi da 'yan dako na garuruwan bakin iyaka sun ji a jikinsu.

Abin da ya rage

Masu sukar shirye-shiryen horaswa na gwamnati na cewa an fi ƙidaya waɗanda aka yaye da kayan da aka raba, ba a cika bin sawu a ga nawa ne ke kan sana'ar bayan shekara guda ba. Akwai kuma ƙorafin cewa wasu kan sayar da keken ɗinki ko injin da aka ba su, saboda rashin jari ko wutar lantarki.

Wasu kuma na ganin horon mako biyu ko wata uku ba zai gyara abin da aka rasa a shekaru tara na firamare da ƙaramar sakandare ba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da sabon shirin ilimin fasaha da sana'a, wanda ya ƙunshi karatu kyauta da alawus ga ɗalibai, tare da ba aikin hannu kashi 80 cikin ɗari na lokacin horo.

Yaran da suka shiga aji ɗaya a makarantun masarautar Daura a shekarar da aka sauya manufar harshen koyarwa, sai a 2037 za su kammala sakandare, idan ba su tsaya a hanya ba. Kafin lokacin, nauyin cike giɓin na kan kwalejoji da cibiyoyin horaswa da kuma iyayen gidan da ke riƙe da yara a shagunansu.